A Waya An Gama Aikin, Yara Kuwa Na Gindin Aduwa

Wata shekara da ta wuce, ana dab da komawa makaranta, aka kira wasu daga cikinmu malamai zuwa wani horo na kwana uku a Maraɗi. Wata ƙungiya ce mai tallafa wa ilimi ta shirya shi. Ba zan kama sunanta ba, domin ba ita kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba, kuma ma'aikatanta mutanen kirki ne. Suka ɗora mana wata manhaja a wayoyinmu. Wani matashi mai fara'a da ya zo daga Yamai ya haska ta a bango, ya ce daga yau duk aikin da za a yi a makarantunmu, gyaran benci ne, gina makewayi ne, kafa rumfar aji ne, rabon littattafai ne, za a rubuta shi a ciki, a sa sunan wanda zai yi, a sa ranar da za a gama. Aikin da ake kai launinsa ruwan ɗorawa. Wanda aka gama kore. Wanda ranarsa ta wuce ba a gama ba sai ya koma ja. Ya ce shugabansu yana zaune a ofis zai ga makarantar da ke Kornaka da wadda ke bakin Tarka a lokaci guda, ba sai ya ƙona mai ba.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Kusan shekara 20 ke nan ina riƙe da alli, na ga ayyuka da yawa da aka fara da kiɗa da jawabi suka mutu ba wanda ya san ranar jana'izarsu. Sai na ce a raina to, ga abin da zai hana a manta da mu.

Cikin ayyukan da aka rubuta wa makarantarmu akwai kafa rumfunan aji biyu, saboda ɗakunan gini huɗu gare mu alhali matakan karatu shida ne, daga CI zuwa CM2. Ranar gamawa da aka sa ita ce 1 ga Oktoba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro ya san abin da ke gona a wannan rana. Gero bai gama shigowa gida ba, wani wurin ma ba a fara yanka ba. Sai an yanke gero an ɗaure damma an kai rumbu, sannan a sare kara, a bar shi ya sha iska, sannan a yi maganar wanda zai ba da amalankensa a ɗauko. Karan ma yanzu ba kyauta ba ne kamar zamanin iyayenmu. Abincin dabba ne, kuɗi ne, kowa na tara nasa a kan rumfa ko a kan itace don rani. Ga dirkoki da za a nemo, ga zana, ga igiya. Mutanen da za su kafa rumfar kuwa su ne dai waɗanda ke gona tun asuba har la'asar.

Ranar 2 ga wata aikinmu ya yi ja. Aka fara kira. Wanda ke kula da shiyyarmu ya kira darakta, shi ma ana kiransa daga sama. Darakta ya yi bayanin kara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Aka ce an fahimta, amma jan nan yana ɓata rahoton wata-uku. A mako na biyu sai muka ari zana uku daga wani maƙwabci, muka jingina su da dirkoki huɗu da suka rage na bara, muka tsayar da yara biyar a gaba, aka ɗauki hoto, aka danna kore. Ni ne na riƙe wayar. Ba a sake kira ba. Yaran ajin nan biyu suka ci gaba da zama a gindin aduwa, suna matsawa da inuwa, har cikin watan Nuwamba da aka samu kara.

Na daɗe ina jin kunyar wannan hoto, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Iyaye da yawa ba su taɓa ganin irin waɗannan manhajoji ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Manyan kamfanoni na duniya, idan za su kafa wani sabon tsari, kamar sauya yadda banki ke ajiye lissafi ko yadda asibiti ke rubuta majinyata, suna haɗa ayarin mutane goma ko ɗari, kowa da ɓangarensa. Don kada aiki ya ruɗe sai su yi amfani da manhaja irin su Jira, wadda kamfanin Atlassian na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, ko Asana da aka kafa a 2008, ko Trello da ta fito a 2011, ko Microsoft Project wadda ta girme su duka. Ana yayyanka babban aiki zuwa ƙanana, kowane ƙarami a maƙala masa mutum ɗaya da rana ɗaya. Tunanin ya girmi kwamfuta. Wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, shi ya shahara da zana ayyuka a matsayin dogayen layuka a kan jadawalin kwanaki, tun kafin 1920, don a ga wane aiki ne ke jiran wane. Allon nan kuma mai gida uku, abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya tsara aiki da ƙananan katuna da suke kira kanban. Kati ne na takarda, ana ɗaukarsa da hannu daga wuri zuwa wuri.

Abin da ya ba ni haushi da na fahimci wannan shi ne, ainihin darasin da ke cikin jadawalin Gantt shi ne abin da aka tsallake a makarantarmu. Aiki na jiran aiki. Rumfa na jiran kara, kara na jiran girbi, girbi na jiran ruwa ya ɗauke. Manhajar da aka ba mu tana da wurin da ake rubuta cewa wannan ba zai fara ba sai wancan ya ƙare. An nuna mana shi a horo. Amma wanda ya cika jadawalin a ofis ya ɗauki ranar buɗe makarantu daga takardar ma'aikata ya liƙa ta a kan kowane aiki, mu kuma ba a ba mu ikon sauya rana ba, ikonmu shi ne sauya launi. To idan ka hana mutum faɗin gaskiya da rana, ka bar masa launi kaɗai, kana kuma kiransa safe da yamma, me kake tsammani zai danna?

A kamfanin da aka ƙirƙiri waɗannan kayan aiki dominsa, wanda zai yi aikin yana cikin waɗanda ke yanke ranar. Ana tambayarsa kwana nawa zai ɗauka. Idan ya makale yana rubutawa kowa ya gani, kuma ja a wurinsu kira ne na a kawo ɗauki. Da manhajar ta iso wurinmu sai ja ya koma laifi. Malamin kwantaragi da ke jiran albashinsa, wanda ke fatan a sake kiransa horo na gaba ko don ɗan kuɗin zama, ba zai bar sunansa kusa da ja ba. Ban ce daidai ne ba. Na ce haka mutum yake.

Akwai kuma tambayar da ban ji an yi ba a kwana ukun nan: wa ke ganin allon? Shugaban ƙungiya na gani a Yamai. Wanda ya ba da kuɗi na gani a ƙasarsa. Darakta na gani idan wayarsa na da caji kuma akwai rezo, abin da a wasu ƙauyukanmu sai an hau jigawa ake samu, ko da Airtel ne ko Moov ko Zamani. Amma uwar da ɗanta ke zaune a gindin aduwa ba ta gani. Shugaban kwamitin iyaye ba ya gani. Mai gari ba ya gani. Da ɗaya daga cikinsu ya ga kore a kan rumfar da shi da kansa ya san ba a kafa ba, da a ranar za a tare mu a bakin masallaci a tambaye mu. Duk wanda ke da idon da zai ƙaryata mu an bar shi a waje, wanda aka ba allon kuwa yana nesa da mu da tafiyar yini guda a mota. Da faransanci aka rubuta komai. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ban ga alamar labarin ya kai ga masu tsara irin waɗannan jadawalai ba tukuna.

Abin dariyar, ko in ce abin takaicin, muna da namu tsarin tun tuni, kuma an gina shi ne daidai a kan wannan tambaya. Kowane malami a Nijar ya san COGES, kwamitin kula da makaranta, wanda daga baya aka mayar da sunansa CGDES ko da yake bakin mutane ya fi sabawa da na farkon. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani shiri da ma'aikatar ilimi a jihar Tahoua mai suna École pour tous, wato makaranta don kowa, daga baya aka yaɗa salonsa a ƙasa baki ɗaya. (Ka ga Japan ɗin ce dai ta sake fitowa. Da alama mutanen nan suna da wani abu da allo da kati.) Abin da shirin ya koyar ba shi da wuya. A zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri maimakon mai gari ya nuna ƙanensa. A tara gari a farkon shekara a lissafa matsalolin makaranta, a zaɓi waɗanda za a iya magancewa da ƙarfin gari. A rubuta tsarin aiki: mene ne za a yi, wa zai yi, yaushe, da nawa, daga ina kuɗin zai fito. A tsakiyar shekara a sake taruwa a duba inda aka kwana, a ƙarshenta a yi lissafi a gaban kowa. Sannan kwamitocin kowace ƙaramar hukuma su haɗu a tarayya guda su riƙa bin diddigin juna.

Ku duba da kyau, duk abin da manhajar matashin nan ke yi yana cikin wannan. Aiki, suna, rana, kuɗi. Bambancin shi ne a taron gari ba wanda zai miƙe ya ce za a kafa rumfa ranar 1 ga Oktoba, domin dattawa za su yi masa dariya kafin ya zauna. Kuma idan an ce wane ne zai kawo dirkoki goma, yana zaune a wurin, ya ji da kunnensa, matarsa ma ta ji daga ɓangaren uwaye.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, kuma suna da gaskiya. Takarda ma tana ƙarya. Na ga makarantun da darakta ke rufe ƙofa ya rubuta tsarin aikin shekara shi kaɗai, ya kwafe na bara ya sauya kwanan wata, ya kai wa shugaban kwamiti ya dangwala yatsa. Na ga inda shekara biyar ba a yi zaɓe ba, ma'aji ɗaya ne tun yaran da ke CI suka kai koleji. Na ga taron gari da bai wuce mutum bakwai ba saboda an sa shi ranar kasuwa. A irin waɗannan wurare kwamiti suna ne kawai, kuma wanda ya ce a kawo waya ta maye gurbinsa ba mahaukaci ba ne. Haka kuma akwai abin da waya ke yi wanda takarda ba za ta taɓa yi ba. Manhajar KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke yawan amfani da ita a nan, tana karɓar bayani ko babu rezo, ta ajiye har a samu, tana iya liƙa wa hoto wuri da lokaci. Ga makarantun makiyaya da ke can arewa wajen Bermo, inda mai duba makarantu zai yi wuni a kan babur kafin ya kai guda, sanin cewa buhunan abincin yara sun iso ko ba su iso ba a rana ɗaya babban abu ne. Yaron makiyayi idan tukunyar makaranta ta kwana uku ba a ɗora ba, ya bi garke, sai wata shekara. Ban yarda a hana mu wannan don son tsohon yayi ba.

Amma hoton da muka ɗauka ma yana da wuri da lokaci. Wurin daidai ne, lokacin daidai ne, zanar ce ta aro.

A nan ne maganar ta wuce ta makonnin karatu da aka rasa, ko da yake su ma ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ajinsa zai fara a Nuwamba ya watse da ruwan farko. Babu malamin jihar Maraɗi da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi ta kashe yara aƙalla 25, ƙanana ƙwarai. Watanni bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan ta faru a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan ajin renon yara a rumfunan kara, hukumomi kuma a lokacin suna maganar azuzuwan zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Ba za a maye su da gini a shekara ɗaya ko biyu ba, kowa ya sani. Muna nan muna kafa su kowace kaka. To idan haka ne, kalmar "an gama" a kan rumfar aji tana da nauyi. An gama, amma tazarar taku nawa ce tsakaninta da ta kusa da ita? Ƙofa ɗaya ce ko biyu, kuma yara hamsin za su fita ta cikinta a guje? Ina mai tuyar ƙosai ke hura wutarta, ta ina iskar hunturu ke kaɗawa? Akwai tulu ko bokitin yashi a kusa? Launin kore ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uwar da ke da ɗa a ciki za ta amsa su duka idan aka tsayar da ita a bakin rumfar aka ce ta duba kafin a ce an gama.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma na fara da kanmu malamai kafin in je ga masu furoje. Kowace makaranta tana da bango. A samu gefe guda da ke kallon hanya, a shafa masa baƙin fenti irin na allo, a raba shi gida uku. A rubuta ayyukan shekara da Hausa, da boko da ajami idan akwai mai hannu, tunda iyaye da yawa da ba su zauna a lakwal ba sun zauna a makarantar allo. Kowane aiki da sunan mutum ɗaya. Kada a rubuta "iyaye" ko "kwamiti", domin aikin kowa da kowa shi ne wanda ake wayar gari ba a yi ba. Ranar kuma a yanke ta a taron gari, a faɗe ta yadda mutane ke lissafi, mako biyu bayan an gama girbi, ko kafin azumi, sannan a sa kwanan watan a gefe. Kuɗin da aka tara da wanda aka kashe su ma su hau bango, ko jika biyu ne. Kuma kada malami ya mayar da aiki zuwa gidan "an gama" da hannunsa. Wannan hakkin wakiliyar uwaye ne da wani dattijo da gari ya yarda da shi, bayan sun je sun gani.

Masu furoje kuma ban ce su jefar da manhajarsu ba. Su riƙe ta, suna da makarantu da yawa da za su bi, kuma masu ba su kuɗi na neman lissafi, wannan hakkinsu ne. Amma ta riƙa kwafe abin da ke bango, kada bango ya riƙa kwafe ta. Hoton da za a aika kowane wata ya zama na bangon nan, yadda abin da aka gani a Yamai zai zama shi ne abin da mai tallan goro ya karanta da ya wuce. A ba darakta ikon ɗaga rana muddin ya rubuta dalili. Kuma wanda ke zaune a ofis ya koyi yin tambaya idan ya ga shiyya guda duk kore a makon farko na Oktoba, maimakon ya yi murna. Sannan su gaya mana tun farko me zai faru da bayananmu idan furoje ya ƙare. Yawancin manhajojin nan haya ake biya, kowane mutum kowane wata, da kuɗin waje. Tamu ta daina buɗewa ƴan watanni bayan ƙungiyar ta tattara kayanta, duk abin da muka rubuta na shekara biyu ya tafi da ita. Tsohon kayen kwamiti kuwa, wanda gara ta ci gefensa, yana nan a akwatin darakta, har yau ana iya ganin wanda ya ba da dami nawa na kara a shekarar da aka buɗe makarantar.

Mu a makarantarmu mun shafa fentin bana. Gwangwani ɗaya ya isa, wani uba mai gini ya shafa kyauta. A taron farko, da aka zo kan rumfa, na ba da labarin hoton nan a gaban kowa, darakta na zaune, da izininsa. An yi dariya, wani tsoho kuma bai yi ba. Ya ce jikarsa na cikin yara biyar da muka tsayar, ta koma gida ranar tana murna wai an ɗauke su hoto a sabon aji, shi kuma ya zo washegari ya duba bai ga aji ba, ya yi shiru don kada a ce ya raina malamai. Shi aka zaɓa ya riƙa duba aiki tare da wakiliyar uwaye. Rumfa ta farko da aka kafa ya ƙi yarda a matsar da ita gidan "an gama" har sai da aka buɗe mata ƙofa ta biyu ta gabas, aka kuma ja ta taku goma daga ta kusa da ita. Kwana huɗu aikin ya ƙara.